Ranar da Malam Bai Amsa Sallama Ba

Duk shekara idan zafin bazara ya kai ƙarshe, gajimare ya fara haɗuwa ta gabas yana watsewa, mutanen Gumel sama suke kallo. Mijina shi ma saman yake kallo, amma ba don shuka kaɗai ba. Tsoronsa kada hadari ya taso ya ɗauke masa hoto a talabijin, domin a daidai wannan lokacin ake babbar gasar tanis ta ƙasar Faransa, wadda ake bugawa a kan jar ƙasa. Mako biyu ake yi, kuma a cikin makonnin nan ni da yara mun san ba mu da maigida sai lokacin salla da na cin abinci.

Malam nake ce masa, haka kowa yake ce masa, saboda malamin dabbobi ne. Ranar Alhamis yana kasuwar Maigatari yana duba shanu da raƙuma, sauran ranaku yana bin rugage da allurar rigakafi. Ni kuma ina koyarwa a firamare. Ba wanda zai kalli mutumin da yake dawowa gida da warin maganin kaska ya ce zai zauna wuni guda yana kallon mutum biyu suna mayar wa juna 'yar ƙwallo mai girman lemo. Wani maƙwabcinmu ne ya shafa masa, mutumin Filato, ma'aikacin asibiti, wanda ya buga wasan tun yana makaranta. Shi ya koya masa yadda ake ƙirga maki, daga sha biyar a tsallaka talatin, daga talatin a faɗa arba'in, lissafin da ko ɗan ajina ya kawo min sai na ja masa kunne. Daga baya aka yi wa maƙwabcin canjin wurin aiki ya koma garinsu, ya bar min ciwon a gida.

Kwanon dish ɗinmu daga Damagaram aka kawo shi, ta hannun wani dillalin raƙuma, saboda haka tashar da muke kamawa Faransanci take yi. Malam ba ya jin Faransanci in ban da gaisuwa da ƙirge, waɗanda ya tsinta a bakin mutanen tsallake. Ya ce hakan ma ya fi, mai sharhi ba zai cusa masa ra'ayi ba. Ra'ayi kam yana da nasa har ya yi masa yawa. Samarin unguwa ƙwallon ƙafa suka sani, dattawa kuma kallon mai taɓin hankali suke yi masa, don haka duk abin da ya taru a bakinsa a kaina yake sauke shi.

A wurin Malam gasar jar ƙasa ita ce tanis, saura duk kwalliya ce. Akwai wadda ake yi a Ingila bayanta da 'yan makonni, a kan ciyawa, kowa cikin fararen kaya. Wannan yana kallo, amma yana yi yana tsaki. Ya ce mutanen da za su shuka ciyawa mai kyau haka, su ba ta ruwa, su aske ta, sannan su hana ko akuya ɗaya ta sa baki, ba su taɓa ganin saniya a ƙarshen rani ba. Jar ƙasa kuwa ba ta rufa wa kowa asiri. Ɗan wasa zai shigo fes, kafin a gama turmin farko safarsa ta yi ja, rigarsa ta jiƙe, ka rantse daga gona ya dawo. Abin da ya fi faranta masa rai shi ne idan gardama ta tashi a kan ƙwallo ta fita ko ba ta fita ba, alƙali ya sauko daga doguwar kujerarsa, ya tako har wurin, ya duƙa ya duba sawun da ta bari. Malam shi ma sai ya miƙe ya matsa jikin gilashin yana dubawa. Yakan ce bin sawu aikin makiyaya ne, kuma da za a ba wasu Fulanin da ya sani kujerar nan, da an daina gardama.

Idan ruwa ya sauko a can, aka ja tamfol aka rufe filin, 'yan kallo suka buɗe lema suna ɓata rai, sai ya riƙe haɓa yana kallonsu. Mu nan mun fita roƙon ruwa, su can suna yi masa tsaki. Yakan ce Allah ya juyo mana da shi tunda ba sa so.

Ba ya son masu gurnani in za su buga. Ya ce ya sha yi wa raƙumi allura, bai taɓa jin wanda ya kai su ƙara ba. Ba ya son mai fasa abin dukan nan, wanda ni nake kira rariya, don an cinye shi. A ganinsa wanda ya huce haushinsa a kan kayan aikinsa, a gida ma haka yake. Mutuminsa wani dogo ne siriri mai sanyin hali, wanda ko an cuce shi sai dai ya gyara igiyar takalmi ya koma wurinsa. Shekara da shekaru yana bin mutumin nan, yana zuwa kusa da kofin jar ƙasa yana dawowa hannu wofi, Malam kuma yana nemo masa uzuri.

Amma huɗubar da ta fi kowacce yawa ita ce ta bugu na biyu. A tanis, mai buɗe wasa idan bugunsa na farko ya faɗa raga ko ya fita fili, ana ba shi dama ya sake. Malam ya ce duk wasannin duniya babu mai adalcin wannan, wasan da ya san ɗan'adam mai kuskure ne, ya tanadar masa dama ta biyu tun kafin ya yi kuskuren. Na ji wannan magana ina tankaɗe, na ji ta ina guga, na ji ta ina duba littattafan yara, har na haddace ta fiye da karatun da nake koyarwa.

Sai kuma dokar shiru. A can idan za a buga, dubban mutanen nan duk sai su yi tsit, sai an gama musayar sannan a yi tafi. Malam ya ɗauko wannan doka ya kafa ta a ɗakinsa na waje, wanda ƙofarsa take buɗewa cikin zaure, tagarsa kuma take kallon tsakar gida. Idan ƙwallo tana sama ba a magana. Wanda ya shigo da zance, Malam ba zai juyo ba, sai dai ya ɗaga hannun hagu, tafin a buɗe, alamar a dakata. Yaranmu sun saba da hannun nan tun suna rarrafe. Ni ma na sha tsayawa a bakin ƙofa da faranti, miya tana hucewa, ina jiran wani Bature ya buga ƙwallo a raga don in samu in ajiye. A cikin gida abin dariya ne, kuma da ya tsaya a cikin gida da ba abin da zan rubuta.

Malam yana da amini ɗaya tak, mutumin Sule Tankarkar, manomi kuma mai kiwon tumaki. Alhaji muke ce masa. Tare suka yi firamare, Malam ya wuce gaba, shi ya koma gona. Shi ne babban abokin ango a bikinmu, shi ya zo garinmu Gagarawa da motar ɗaukar amarya, kuma bai taɓa daina tsokanata da cewa tun daga ƙofar gidanmu nake kuka har Gumel, amma da aka kawo kaza na ci fiye da kowa ba. Kusan duk Laraba sai ya biyo ta gidanmu ya kwana, da safe su wuce Maigatari tare. Shi yana kiran Malam likitan jakai, Malam yana kiransa sarkin tumaki. Tanis kuwa sunan da ya sa mata shi ne wasan marasa abokai, domin ya ce duk wanda yake da mutane ba zai shiga fili shi kaɗai ba.

Wata Laraba ce a mako na biyu na gasar, bayan azahar. Babu wuta, ƙaramin injinmu yana ta ruri a bayan ɗaki. Mutumin Malam yana fili, wasa ya yi zafi. Ina tsakar gida ina tsince shinkafa na ji tsayuwar babur, sannan na ji muryar Alhaji a zaure yana sallama. Ta taga ina hango Malam a kujerarsa, ya sunkuyo gaba kamar zai shiga akwatin. Bai juyo ba. Hannun hagun nan ya ɗaga.

An daɗe ana musayar ƙwallon, irin wadda ba ta ƙarewa. Alhaji ya ɗan jira, ya sake sallama. Hannun yana nan a sama. Mace ba ta amsa sallamar namiji a zaure alhali maigida yana zaune a wurin, don haka na ajiye faifai ina kallon Malam, ina jira ya buɗe baki. Da na ji ta uku na miƙe, domin kowa ya san abin da ake yi bayan sallama ta uku in ba a amsa ba. Kafin in jawo mayafi, babur ya tashi.

Can aka yi tafi a talabijin, Malam ya buga cinya, ya juyo da fara'arsa yana cewa sarkin tumaki ya shigo ya ga ikon Allah. Babu kowa a zaure. Mai shagon da ke kallon gidanmu ne ya gaya masa Alhaji ba shi kaɗai ba ne, tare yake da ƙanensa, kuma dukansu cikin manyan riguna suke, ba kayan kasuwa ba. Malam ya ce wataƙila masallaci suka nufa, yanzu za su dawo. Na dafa shinkafar da yawa kamar kullum, ta kwana a tukunya.

Washegari da ya dawo daga Maigatari bai nemi talabijin ba. Na tambaye shi ko sun haɗu, ya ce sun haɗu, sun gaisa. Sai da na matsa sannan ya ce Alhaji ya gaishe shi gaisuwa cikakkiya, ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi iyali, yana ce masa ranka ya daɗe. Mutumin da ya shekara arba'in yana kiranka likitan jakai, ran da ya ce maka ranka ya daɗe, ai an gama magana.

Malam bai ga laifinsa ba, ko kuma ya gani ya ƙi kallo. Ya ce ya ji muryar sarai, kuma don ya san Alhaji ne shi ya sa ya ɗaga hannun, da baƙo ne ai da ya tashi. A wurinsa hannun nan na 'yan gida ne, wanda yake ɗaga wa 'ya'yansa da matarsa. Na ce masa Alhaji ba ɗansa ba ne, kuma ba matarsa ba ce, sannan a gaban ƙanensa aka yi. Na ce ko da ƙarya ce, da hannun bai tashi ba, da sai a ce bai ji ba, a ɗora wa ƙarar inji laifin. Malam ya kira Alhaji a waya, Alhaji ya ce ba komai. Malam ya zo min da wannan ba komai ɗin kamar ya ci shari'a. Ni kuwa na san irin ba komai ɗin da ake faɗa don a rufe ƙofa.

Larabobi suka yi ta wucewa ba babur. Bayan girbi wani direban motar haya ya kawo mana goro da alewa a leda, da saƙon ɗaurin auren babban ɗan Alhaji, irin yadda ake aika wa kowa. Na je biki, kuma a can matar Alhaji ta ja ni ɗaki ta gaya min abin da ya kai su gidanmu ran nan. Zuwa suka yi su roƙi Malam ya shige gaba wajen neman auren, ya zama shi ne wakilin ango. Yaron nan a hannun Malam aka yi masa huɗuba, shi ya sa Alhaji ya ce ba zai aika ba, da ƙafarsa zai je, cikin babbar riga. Ƙanen ne ya yi wakilcin daga baya. Malam ya halarci ɗaurin auren, ya zauna a sahun baya tare da baƙi, ya dawo kafin a kai abinci. Da na gaya masa abin da na ji, sai ya tashi ya ce zai je ya duba wata saniya.

Ba zan ɓoye ba, na ji haushinsa a wannan shekarar, kuma na tausaya masa fiye da yadda na ji haushin. Mutum ne da ba shi da yawan abokai. Ranar Laraba da yamma sai in gan shi ya fito da tabarma zaure, wai yana shan iska. Duk babur ɗin da ya rage gudu a layinmu sai ya ɗaga kai. Amma ya hau nasa babur ya je Sule Tankarkar, wannan ya gagara. Kullum zancensa ai an ce ba komai.

Shekara ta zagayo, gasa ta dawo, sai ga mutumin Malam ya kai wasan ƙarshe. Dogon ya fara tsufa a lokacin, kuma Malam da kansa ya ce in bai ɗauka bana ba, to sai a lahira. Ranar Asabar aka yi ruwan shuka mai kyau, har da safiyar Lahadi ƙasa tana ƙamshi, gari ya watse kowa ya tafi gona da sungumi. Malam ya sallami masu yi mana shuka tun da wuri, ya cika inji da mai, ya goge gilashin talabijin da gefen rigarsa. Ana idar da azahar ya zauna. Na kawo masa kunun zaƙi na tsaya a bakin ƙofa kamar yadda na saba.

Dogon nasa ne zai buɗe wasa. Ya jefa ƙwallo sama ya buga, ta faɗa raga. Malam ya juyo ya dube ni da murmushin nan nasa na mai huɗuba.

"Kin gani ko? Saura ɗaya. Wasan nan ba ya yanke wa mutum hukunci a kuskuren farko."

Ban shirya abin da na faɗa ba, fitowa kawai ya yi. Na ce, "Shi Alhaji uku ya ba ka, Malam."

Ya mayar da ido kan talabijin, amma na san ba ya ganin komai, domin an yi wata musaya mai kyau har aka tashi tsaye ana tafi, shi ko motsi bai yi ba. Na ajiye kunun ina tunanin yau na taɓo abin da ya fi ƙarfina. Can ya miƙe ya shiga ciki, ya fito cikin babbar rigarsa ta Juma'a, ya ɗauki makullin babur.

"Zauna ki kalla min," ya ce. "Kada ki kashe inji. In na dawo ki ba ni labari, kuma kada ki rage komai."

Ran nan na fara zama a kujerarsa. Na zaci azaba zan sha, sai ga shi shekarun da na yi ina tsaye da faranti ba su tafi a banza ba, ashe na san wasan. Abokin karawar dogon wani gajere ne mai ƙirar manoma, mai gurnani, irin waɗanda Malam ba ya so. Ba ya barin ƙwallo ta wuce, ko ina aka jefa ta sai ya zame a ƙasa ya dawo da ita. Na fara kallo a matsayin 'yar aike, kafin la'asar na sami kaina ina bayan gajeren da zuciya ɗaya. Maƙwabciyata ta leƙo aron turmi tana magana, sai da ta fashe da dariya sannan na lura hannuna na hagu yana sama. Na sauke shi da sauri na ba ta haƙuri.

Abin da ya faru a Sule Tankarkar daga bakin matar Alhaji na ji shi, domin tana bayan zaure tana jin komai, Malam kuwa cewa kawai ya yi sun gaisa. Ta ce ya iso bayan la'asar, taɓo har gwiwa, gefen babbar rigar duk ya ɓaci. Alhaji ya dawo daga shuka ke nan, yana zaune a zaure da ƙwaryar iri a gabansa yana tsince na gobe. Malam ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama, Alhaji bai ɗago ba. Ya sake, sai Alhaji ya ɗaga hannun hagu, tafin a buɗe, ya ci gaba da tsince irinsa da na dama.

Daga nan Malam bai ƙara ba. Ya san in ya yi ta uku ba a amsa ba, ba abin da ya rage masa sai ya juya, kuma in ya juya an gama ke nan har abada. Sai ya riƙe ta. Ya tsaya a wurin, masu dawowa daga gona suna wucewa suna kallonsa, wasu suna gaishe shi yana amsawa da ka. Matar ta ce har ta gama hura wuta yana tsaye. Sai da Alhaji ya ture ƙwaryar gefe sannan ya yi magana, ba tare da ya ɗago ba.

"Likitan jakai, ƙarasa mana. Ni ma uku na yi."

Ta ce sai Malam ya yi ta ukun. Alhaji ya amsa masa cikakkiyar amsa har ƙarshenta, ya matsa masa a tabarma, ya ƙwala mata kira ta kawo ruwa. Ba su tayar da zancen ba, ran nan ko bayansa. Hirar tsadar taki suka yi da ta wata tunkiya mai tari.

A can Malam ya kwana, da safe ya taya su shuka, sai hantsi ya dawo da ƙullin irin wake da aka aiko min. Ko takalmi bai cire ba ya ce in ba shi labari. Na ba shi tun daga farko, turmi bayan turmi, ban rage komai ba, har inda dogon ya gaji ƙafafunsa suka daina bin umarninsa, gajeren ya cinye shi. Na zaci zai yi baƙin ciki. Abu ɗaya ya tambaya, ko mutumin nasa ya je raga ya ba wancan hannu. Na ce ya ba shi, har ya dafa kafaɗarsa, sai da ya koma kujera sannan ya rufe fuska da tawul. Malam ya ce to shi ke nan, ya nemi ruwan wanka.

Bai daina kallon tanis ba, kuma bai daina huɗuba ba, sai dai ya juya kujerar ta koma tana kallon ƙofa da talabijin a lokaci guda. Ko yaro ne ya yi sallama, kafin ya rufe baki an amsa masa. Larabobi suka dawo. In gasa ta zo Alhaji yakan zauna da shi, ya tambayi wanne ne na Malam, sannan ya bi bayan ɗayan, ko da bai san ta inda ake ci ba. Ni ma na samu tawa kujerar a gefen ƙofa, daga cikin ɗakin. Mu biyu muka haɗe wa Malam kai shekaru da yawa, kuma ina jin a rayuwarsa bai taɓa jin daɗin kallo kamar na lokacin ba. A ƙarshe-ƙarshen ma ya samu sabon abin faɗa, da ya ji a wasu gasannin na'ura ce take yanke hukuncin layi. Ya ce ran da alƙali ya daina saukowa duba sawu a jar ƙasa, ran nan zai sayar da dish ɗin.

Bai sayar ba. Malam ya rasu da kaka, 'yan shekarun baya, bayan gajeriyar jinya. Yara sun sa min sola, yanzu babu rurin inji, kuma tashar da nake kamawa Turanci take yi. Duk da haka nakan rage muryar mai sharhin, domin na saba da nawa mai sharhin, kuma har yau in aka buga ƙwallo a raga sai in ji kamar zai juyo ya ce min saura ɗaya. Ina kewarsa a kowane lokaci, amma a makonnin nan biyu abin ya fi tsanani.

A gasar farko bayan rasuwarsa, ranar Laraba da yamma, ina ɗakin waje ina kallo daga tawa kujerar, na ji tsayuwar mota. Alhaji ne, ya tsufa ya daina hawa babur, babban ɗan nasa ne ya kawo shi. Ya dogara sandarsa har bakin ƙofa ya yi sallama. Yanzu babu maigida, don haka na amsa, na gyara mayafi ina yi masa sannu da zuwa. Sai ya sake sallama. Na ɗauka kunnensa ne ya yi nauyi, na ƙara murya na amsa. Da ya buɗe baki zai yi ta uku na ga ba ni yake kallo ba, kujerar Malam yake kallo, tana nan inda take, rabi ƙofa rabi talabijin. Wannan karon na yi shiru.

Ya yi ta ukun, ya tsaya yana jira. Hawaye suka zubo min ban goge ba. Da ya gama jiransa ya ce, "To." Na zaci juyawa zai yi, sai ya sa ɗansa ya shimfiɗa masa tabarma a bakin ƙofa, ya zauna da kyar, ya miƙe ƙafa, ya nuna talabijin da sandarsa.

"Wanne ne nasa?"

Na duba su biyun. Ɗaya yana gurnani, ɗayan yana gyara igiyar takalmi. Na nuna masa mai takalmin.

"To ni ina bayan ɗayan," in ji shi. "Ƙaro mana murya kaɗan."